Ciwon Dajin Mama: Gadon da Kan Biyo Har ta Wajen Uba

'Yan'uwa ɗalibai, a gidajenmu idan ciwon dajin mama ya kama mace, daga baya ya kama ƙanwarta ko 'yarta, sai ka ji ana cewa sammu ne. Ni dai ina so mu gane cewa wani lokacin gado ne, kuma an san hanyarsa.

Kullum DNA ɗin da ke cikin ƙwayoyin jikinmu yana samun lahani, har ya tsinke. Akwai ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda ke samar da sinadaran da ke ɗinke wurin, kamar tela da yagaggiyar riga. Kowannenmu na da kwafi biyu na kowacce, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji kwafi mai matsala, ɗayan ne ke riƙe aikin. To, ranar da shi ma ya lalace a wata ƙwayar nono ko ta ƙwan mace, sai kurakurai su taru, ƙwayar ta shiga hayayyafa ba birki. Ciwon dajin ke nan.

Wannan ba zancen Turawa kaɗai ba ne. A 2018, binciken su Farfesa Olufunmilayo Olopade kan mata 1,136 masu ciwon a Ibadan ya nuna kimanin kashi 11 cikin 100 na ɗauke da lalatacciyar BRCA1 ko BRCA2. Macen da ta gaji matsalar BRCA1, haɗarin kamuwarta a tsawon rayuwa ya haura kashi 50.

Ga inda muke sakaci: uba na iya ɗauke da ita yana lafiya lau, kuma kowane ɗa ko 'yarsa na da yiwuwar kashi 50 na gadonta. Maza ma ba su tsira ba, musamman da BRCA2, domin tana ƙara haɗarin ciwon dajin furostet, har da na mama.

Kada hankali ya tashi. Kashi 5 zuwa 10 kacal na ciwon dajin mama ne na gado, kuma ba duk mai ɗauke da ita ke kamuwa ba. Amma a wannan hutun, mu aje kunya mu tambayi Inna da Gwaggo: wa ya taɓa yi a dangi, yana shekara nawa? In an samu biyu ko fiye a ɓangare guda, ko wadda ta kamu kafin shekara 50, a gaya wa likita, ko a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase nan Nassarawa, ko na Malam Aminu Kano. Wadda kuwa ta ji ƙullutu, kada ta jira sai ya yi zafi.