Taruwar Ruwa Bayan Tiyatar Gadon Baya

Mazauna unguwannin Nima da Maamobi da aka yi wa tiyatar ƙasan gadon baya a Asibitin Korle Bu ko Asibitin Sojoji na 37 su sa ido kan ɗinkin. Ruwa kan taru ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura. Idan kaɗan ne, jiki kan shanye shi cikin makonni. Idan ya yi yawa, likita kan zuƙe shi da allura. Zazzaɓi da mugunya alamar ƙwayoyin cuta ce. Ciwon kai mai tsananta da an miƙe tsaye yana iya nufin ruwan laka na yoyo. In ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a garzaya asibiti nan take. Kada a bari wanzami ya tsaga kumburin.