Idan Tagar Manhaja Ta Ƙi Bayyana

Sanin kowa ne cewa kusan duk abin da ake yi da kwamfuta a cikin taga ake yinsa, wato wannan akwatin mai kusurwa huɗu da ke buɗewa a fuskar na'ura. An gwada wannan tsari a kan Xerox Alto a shekarar 1973, sa'an nan ya yaɗu da fitowar Macintosh a 1984 da Windows a 1985. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja yakan gamu da wani abin takaici: ya rubuta umarninsa, ya sa kwamfuta ta aiwatar, amma taga ta ƙi fitowa, kuma babu saƙon kuskure. Dalili kuwa shi ne, kafin taga ta bayyana sai ta bi matakai huɗu, kuma ɗaya kaɗai ya isa ya hana ta.

Mataki na farko shi ne ƙirƙira. Manhaja ba ta zana taga da kanta; roƙon babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take yi, kuma roƙon yana iya faɗuwa. A Windows, idan umarnin CreateWindow ya gaza, ba ya mayar da lambar shaidar taga, sai a tambayi GetLastError dalili. A Linux kuwa, inda tsarin X ke aiki, taga ba za ta samu ba muddin ba a sanar da manhaja allon da za ta yi zane a kai ba, ta hanyar bayanin DISPLAY.

Mataki na biyu shi ne nunawa. Taga takan kasance a ƙwaƙwalwar kwamfuta alhali ido bai gan ta ba. A harshen Java, tagar JFrame a ɓoye take tun asali, sai an rubuta setVisible(true). A Qt sai an kira show. An yi haka da gangan, domin a gama jera maɓallai da rubutu kafin mutum ya gani.

Mataki na uku shi ne rayarwa, kuma a nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Taga tana bukatar zagayen jiran saƙo, wanda ke karɓar kowane motsi na linzami da kowace dannawa, da kuma buƙatar sake zane. Matsayinsa kamar na bugun zuciya ne ga jiki. A Tkinter, wanda ke zuwa tare da harshen Python kuma ya dogara da Tk ɗin da John Ousterhout ya fitar a 1991, sunan zagayen mainloop. Idan aka manta da shi, manhaja za ta kai ƙarshen umarninta ta rufe, taga ta tafi tare da ita. Haka kuma, idan aka sa wani dogon lissafi kafin zagayen, taga za ta jira har a gama. Akwai kuma wata mutuwar ta daban: Python yana share duk abin da babu sunan da ke riƙe da shi. Tagar PyQt da aka ajiye a suna na wucin gadi cikin wani ɗan aiki, da zarar aikin ya ƙare, sai a share ta kafin ƙiftawar ido.

Mataki na huɗu shi ne wuri da girma. Wata manhajar takan tuna inda tagarta ta tsaya a baya. In an yi aiki da allo biyu aka cire ɗaya, taga na iya buɗewa a wurin da babu shi yanzu. Wata kuma girmanta ne ba a faɗa ba, sai ta fito 'yar mitsitsiya. Alamar wannan ita ce sunan manhajar yana nan a jerin masu aiki, amma ba a ganin jikinta.

To, yaya za a gano matakin da ya karye? Hanyar ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje. Da farko a aiwatar da manhaja daga wurin rubuta umarni, domin saƙon kuskure yakan ɓace idan da linzami aka buɗe ta. Sannan a sa ta buga ɗan gajeren saƙo bayan kowane mataki. Inda saƙo ya tsaya, nan cutar take. Bayan haka a rubuta manhaja mafi ƙanƙanta, mai taga ɗaya fanko. Idan ta fito, kwamfuta lafiya take, sai a riƙa mayar da sauran umarni ɗaya bayan ɗaya har taga ta sake ɓacewa.

Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko da taga ta fito, bai san wanne ya yi magani ba. Saboda haka ya kamata malamai su saba wa ɗalibai da sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, tare da rubuta sakamakonsa a littafi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.