Shin Ko Kun San? 3 ga Fabrairu a Tarihin Kano

Shin ko kun san cewa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Turawan Ingila suka ci birnin Kano? Kanar Morland ne ya taso da rundunarsu daga Zariya. Sai da suka fasa Bebeji a kan hanya, sannan suka tunkari ganuwa da igwa, suka kutsa ta Ƙofar Kabuga. Ana yawan cewa Gwamna Lugga ne ya shigo ran nan. A'a, shi sai daga baya ya iso.

Ko kun san a ranar Sarkin Kano Alu ba ya gari? Ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da mahaya masu yawa, don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gida, shi ya tsaya da 'yan mutanensa suka yi ta fafatawa har ya rasa ransa. Abin takaici, yaranmu sun haddace sunan Lugga, amma ba kowa ya taɓa jin labarin wannan bawan Allah ba. Kanawan da suka juyo daga Sakkwato kuwa sun gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Turawa suka naɗa Abbas sabon Sarkin Kano. Alu ya ƙare a Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Shin ko kun san bayan shekara 73 cif, a wannan rana, ɗan Kano ne ya sake fasalin Nijeriya? Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Ramat Muhammad ya yi wa ƙasa jawabi, ya mai da jihohi 19 daga 12. Arewa maso Gabas ta rabu uku: Bauchi, Barno da Gongola. Neja ta fita daga Arewa maso Yamma. Jiharsa ta haihuwa kuwa bai taɓa ta ba. Sai a 1991 aka cire Jigawa daga cikinta.

A jawabin ne kuma ya sanar cewa babban birnin tarayya zai tashi daga Legas ya koma tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ke nan Abuja ma da wannan rana take lissafin shekarunta.

Kwana goma bayan jawabin, ranar 13 ga Fabrairu, sojojin da suka yi yunƙurin juyin mulki ƙarƙashin Dimka suka harbe Murtala a Legas. Aka kawo gawarsa Kano aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa.