Barbados: Abin da Baƙo Ke Gani Bayan Rairayin Teku

Barbados ita ce ƙasar da ta fi kowacce kusantar gabas a jerin tsibiran Karibiyan. Ƙarama ce ƙwarai: tsawonta kilomita 34, faɗinta kilomita 23, mutanenta ba su kai 300,000 ba. Yawancin masu yawon buɗe ido teku ne ke kawo su. A gaɓar yamma ruwan kwance yake kamar na tafki, ga rairayi fari tas. A gabas kuwa, wajen ƙauyen Bathsheba, tekun Atlantika na dukan duwatsu ba dare ba rana, shi ya sa ake gargaɗin baƙi game da iyo a wurin. Akwai kuma kogon Harrison a tsakiyar tsibirin, inda ake shiga da mutane ƙarƙashin ƙasa a ƙananan motocin lantarki, su ga yadda ruwa ya sassaƙa farin dutse.

Duk waɗannan sun cancanci gani. Amma a ganina wanda ya tsaya a otal bai ga Barbados ba. Ya fito ya hau motar haya zuwa Bridgetown, babban birni. Bas shuɗi na gwamnati ne, ɗorawa na 'yan kasuwa ne, sai farare ƙanana da ake kira ZR, masu gudu da kiɗa a ƙure. Mutanen nan ba sa wasa da gaisuwa: wanda ya shiga kanti ko ofis bai gaida na ciki ba, za a yi masa kallon marar tarbiyya.

Wurin abinci ne Bahaushe zai sha mamaki. Abincin da ƙasar ke alfahari da shi, wanda suke kira cou-cou, tuwon masara ne da aka tuƙa da kuɓewa a ciki. Ana dafa kuɓewar, a tace ruwan yauƙin, a riƙa zuba shi cikin garin ana tuƙawa da wata muciya mai faɗi har ya yi laushi, sannan a malmala a zuba romon kifi. Kifin kuma irin mai fukafukan nan ne da ke tsalle ya yi shawagi a kan ruwa. Lokacin Kirsimeti ana jiƙa zoɓo da kanumfari da citta. A lambun Queen's Park akwai wata ƙatuwar kuka, sai mutane da dama sun riƙe hannun juna kafin su kewaye gindinta. Hatta biran da ke ɓarna a gonaki daga Afirka ta Yamma aka kawo kakanninsu.

Dalilin wannan kama ba abin daɗi ba ne. Turawan Ingila sun zauna a tsibirin a 1627, daga shekarun 1640 suka mayar da shi gonar rake, suka cika shi da bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Galibin mutanen ƙasar a yau jikokinsu ne.

Wannan tarihi na nan a bakin hanya, a jikin ƙananan gidajen katako masu fenti kala-kala da baƙi ke son ɗauka a hoto. In ka lura, da yawansu ba su da harsashi, a kan duwatsu aka ɗora su. Bayan bauta ta ƙare ɗungurungum a 1838, ma'aikacin gona ya iya mallakar gida, amma filin na mai gonar rake ne. Ranar da aka sallame shi, sai ya kwance gidansa bango-bango, ya ɗora a amalanke, ya nemi wani filin. Bikin Crop Over ma, wanda ake rufewa da gagarumin jerin gwano a Litinin ta farko ta watan Agusta, asalinsa murnar gama yankan rake ne.

Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 30 ga Nuwamba 1966, kuma a rana irin wannan a 2021 ta daina ɗaukar sarauniyar Ingila a matsayin shugaba, ta zama jamhuriya. A wani shataletale da ke gabashin Bridgetown akwai mutum-mutumin wani bawa, ya ɗaga hannuwa sama, sarƙoƙi a tsinke. An kafa shi a 1985, jama'a kuma suna kiransa Bussa, sunan bawan da ya jagoranci tawayen watan Afrilu na 1816.