Lafiyar Ma'aikatan Asibiti Bayan Annobar Korona

Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, cikin watan Afrilu kuma ta bayyana a Kano. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa an fita daga halin gaggawa. Jama'a sun ajiye takunkumi, kowa ya koma sha'aninsa. Amma akwai waɗanda wahalar ba ta sake su ba tukuna, watau likitoci da nas-nas da ungozomomi da malaman asibitin ƙauye, har da masu shara da wanki. Hukumar ta ƙiyasta cewa daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021 ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 suka rasu a duniya. Wannan takarda kuwa a kan waɗanda suka rayu ta ke.

Wasu da suka kamu sun warke, amma bayan wata uku ko fiye ba su rabu da kasala da haki da mantuwa ba. Likitoci sun san wannan, ciwo ne, ba ragwanci ba.

Ciwon da ya fi wuyar ganewa shi ne na zuci. Malamin asibiti ya yi watanni yana taɓa majiyyata, sau da yawa ba isassun safar hannu, ya koma gida yana tsoron kada ya kai wa iyalinsa cuta, maƙwabta kuma suna gudunsa. Sa'ad da aiki ya ke da zafi ba ya samun sukunin tunani. Sai bayan ƙura ta lafa abin ya ke fitowa: barci ya ƙi, ya riƙa firgita cikin dare, ya daina shiga mutane, mai haƙuri ya zama mai faɗa. Wani ya kan fara shan ƙwayar barci, abin da ya ke da hatsari ƙwarai, tun da ya ke mabuɗin ɗakin magani a hannunsa ya ke.

To, a nan ne aikin Hakimi ya shigo, domin wurinsa talakawa su ke kawo ƙara cewa malamin asibiti yana makara, ko yana yi wa mata tsawa. Kafin a rubuta takardar ƙara, ya kamata Hakimi ya kira shi a keɓe ya tambayi lafiyarsa. In mutum ne wanda a da ba a san shi da wannan hali ba, sai magatakarda ya rubuta wa sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma abin da aka gani filla-filla, ya roƙa a ba shi hutu, a aiko da wanda zai riƙe masa aiki. Kada a sa kalmar hauka a takardar, gama ita ce ke sa mutum ya ɓoye ciwonsa. Gwamnati ma cikin Janairu 2023 ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Addu'a da nasihar Liman suna kwantar da hankali, a haɗa su da ganin likita. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira amsar takarda. A sami ɗan'uwansa ya raka shi asibiti a ranar.