Yadda gawayi yake ƙara wa ƙarfe ƙwari

Manomi a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san bambancin hauya mai daɗewa da kaifi da wadda bakinta ke lanƙwashewa kafin a gama noman farko. Dalilin bambancin shi ne wani sinadari mai suna kabon. Gawayi kusan dukkansa kabon ne.

Ƙarfe zalla yana da laushi. Idan kabon kaɗan ya shiga cikinsa, sai ya cika ƴan gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, ya hana su zamewa. Ta haka ake samun ƙarfe mai ƙwari.

A da, maƙeran ƙasar Hausa sukan tono tama, su jera ta da gawayi cikin murhun yumɓu, su hura wuta. Wutar takan raba ƙarfe da dutse, kabon kuma ya shiga cikin ƙarfen. A shekarar 1856, wani Bature a Ingila mai suna Henry Bessemer ya fito da hanyar hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone kabon da ya yi yawa. Daga nan ƙarfe mai ƙwari ya yawaita, ya yi araha.

Kabon kamar gishiri yake a miya, awo ne sirrinsa. Idan ya yi kaɗan ƙwarai, ƙarfe yana lanƙwashewa. Idan ya kai wajen kashi 1 cikin 100, ƙarfe yana riƙe kaifi. Idan ya wuce kashi 2 cikin 100, ƙarfe yana fashewa in aka buge shi.

A yau maƙeri yakan sayi tsofaffin ƙarafan mota. Yakan gasa bakin gatari har ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya tsage. Ƙarfen da ba shi da isasshen kabon ba ya yin tauri, ko sau nawa aka tsoma shi.

Saboda haka, kafin ka sayi hauya ko lauje, tambayi maƙeri da wane ƙarfe ya ƙera. Ka goga bakin a dutse. Idan ya ci nan da nan, ƙarfen mai laushi ne, kuma kuɗinka ba za su kai ka kaka ba.