Shin Ko Kun San? Bututu Mai Zafi Tafiya Yake Yi

Shin ko kun san ƙarar "ƙas-ƙas" da kwanon rufi ke yi da rana tsaka a Karmo motsin ƙarfe ne? Zafi ke miƙar da shi, sanyin dare ya mayar da shi. Haka bututun tururi ke yi a masana'antu irin na Idu da ke maƙwabtaka.

• Shin ko kun san bututun ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙara kusan santimita 12 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas? In ƙarin ya kai digiri 300, miƙewar ta doshi santimita 40. Wanda ya yi masa walda ya kafe shi ta ko'ina, ko dai waldar ta tsage, ko ginshiƙin ya karkace.

• Shi ya sa ake yi wa bututun "takalmi" a ƙarƙashinsa, a ɗora shi kan faranti mai santsi, ya riƙa zamewa gaba da baya. Wannan ne kuma dalilin lanƙwasar nan mai siffar harafin U da ake gani a bututun matatun mai, irin ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Lanƙwasar ce ke shanye miƙewar.

• Shin ko kun san abin da ke hana ƙwai kamawa a kaskon zamani shi ake shimfiɗawa a farantin? Sunansa Teflon, Roy Plunkett ne ya gano shi a Amurka a 1938. Santsinsa ya ninka na ƙarfe a kan ƙarfe kusan sau uku, amma juriyarsa ta tsaya a wajen digiri 260.

• In zafin da ke isa farantin ya wuce haka, sai a koma ga girafayit, wato baƙin abin da ke cikin fensir. Yana jure zafin da ya haura digiri 400 ba tare da an ɗiga masa mai ba. Wani lokaci ana cusa shi a ramukan farantin tagulla don ya ɗauki nauyi mai yawa.

• Shin ko kun san farantin biyu ne, kuma na sama ake yi ya fi na ƙasa faɗi? Kamar faifai ne a bakin ƙwarya, don ya hana ƙura shiga. Ƙurar hunturu in ta shiga tsakani, sai ta riƙa cin santsin har bututun ya cije.

Don haka, ya kai mai walda, in aiki ya kai ka masana'anta ka ga bututu zaune ba a kafe ba, kada ka ce mantuwa aka yi ka ɗora masa wuta. Tambayi injiniya tukuna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma tururin da ya fashe ba ya tambayar wa ke tsaye a kusa.